Ɗakin Albasar Baturen Raya Karkara

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata. Na manta sunayen rabin mutanen da muka yi aiki tare, na manta garuruwan da na kwana cikinsu, wani lokaci har tabarau nakan yi ta nema alhali yana kan fuskata. Amma ranar da aka buɗe ɗakin albasa a ƙauyenmu, wannan kam sai dai a binne ni da ita. Ko da kaina zai manta, hancina ba zai yarda ba.

Zamanin Turawa ne, can wajen ƙarshensa, lokacin da suka tashi haiƙan wai sai sun raya mana karkara kafin su tafi. Shekara da shekaru suna ƙasar nan, ba abin da ke kawo su ƙauye sai ƙidaya da haraji, sai ga shi rana tsaka tausayinmu ya kama su. Aka shiga turo mana gwanaye daga ƙasarsu, wannan gwanin rijiya, wannan gwanin kaji, wannan gwanin taki. Kowane ya zo da wa'adinsa, kuma kowane yana son kafin wa'adin ya cika ya bar wani abu tsayayye da za a ɗauki hotonsa.

Ni kuwa ban daɗe da fitowa daga makarantar aikin gona ba. Aka ba ni aikin malamin gona, aka ba ni keke da gajeren wando da safa har gwiwa. Wallahi in na tuna yadda nake tafiya a lokacin, kunya nake ji. Ko gaisuwa zan yi sai na jefa kalmar Turanci a ciki, don kada a ɗauka ni ma irin kowa ne. Da aka ce za a haɗa ni da sabon gwani in zama tafintansa, sai na ji kamar sarauta aka ba ni.

Baturen nan dogo ne siriri, jan fuska, kullum wuyansa cike da ƙurajen zafi. An sauke shi a barikin Bodinga, shi da akwatunan abincin gwangwani da gadon sauro da wani baho na tamfol da yake wanka a ciki. Ba mugu ba ne, wannan sai in faɗa. Yana tashi da sassafe, ba ya zagi, ba ya duka, kuma da gaske ya yarda cewa Allah ya aiko shi ne ya cece mu. Kafin ya zo wurinmu ya yi aiki a wata ƙasa mai duwatsu da sanyi, inda ya koya wa mutane ajiyar dankalin Turawa, aka yaba masa. Hausarsa duka kalma uku ce: madalla, sannu, da maza-maza. Da su ya yi niyyar gyara ƙasar Sakkwato.

Mako biyu muna yawo a motarsa tsakanin Bodinga da Shagari yana neman abin da zai raya. Da muka sauka fadamar ƙauyenmu ya ga albasa kore shar, ana ta ɗaga ruwa da jigo, sai ya tsaya ya cire hula. Ya tambaye ni ina ake ajiye ta in an cire. Na nuna masa rudu. Ga wanda bai sani ba, rudu wata 'yar rumfa ce ta kara da ciyawa da ake ɗorawa bisa gwafanni, iska na shiga ta ƙasa tana fita ta gefe, a jera albasa a ciki tun bazara har ta kai lokacin da take daraja. Ya zagaya rudun sau biyu, ya tura yatsa ta tsakanin karan, ya girgiza kai kamar wanda ya ga gawa.

"Ɓera zai shiga, ƙwaro zai shiga, ruwa zai shiga," in ji shi da Turanci. "Abin tausayi. Wannan ne aikinmu."

Tun daga ranar mutane suka sa masa suna Baturen Albasa.

A ƙauyen nan kuwa ba wanda ya kai kawuna sanin albasa. Yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, kuma shi ya kai ni makarantar boko lokacin da kowa ke ɓoye 'ya'yansa a rumbu. Gajere ne, mai ƙarancin magana. Yana da wani irin albasa da ya gada daga mahaifinsa, ja mai ƙaton kai da siririn wuya, wadda takan daɗe ba ta lalace ba. Kowace shekara yakan ware manyan kawunan albasa ya adana, ya sake dasa su don su yi fure ya sami iri. Daga Sifawa, daga Mandera, mutane kan zo neman irin nan wurinsa, yakan kuma ba su.

Bature ya sa maigari ya tara manoma a gindin tsamiyar kasuwa. Ya baje wata babbar takarda, ya nuna zanen ɗakin da zai gina: bangon siminti, daɓen siminti, rufin kwano, ƙofar ƙarfe. Ba ɓera, ba ƙwaro, ba ruwa. Ina fassarawa ina ƙara gishiri. Da ya gama ya ce ko akwai mai magana. Sai aka juya ana kallon kawu. Ya gyara zama, ya dube ni.

"Ɗana, ka hwaɗa mai mun gode da ya baro garinsu don mu. Amma albasa rai gare ta, numfashi takai awa mutum. In anka rufe ta cikin siminti, anka aza mata kwano bisa kai cikin zahin bazara, gumi za ta yi. In ta yi gumi ta ruɓe, kuma wadda ta ruɓe sai ta ɗebi na kusa da ita. In taimako shika so shi yi muna, ga rijiyoyin fadama nan da ka rushewa kowace damina. Wanga siminti shi kai shi can."

Dattawa suka gyaɗa kai. Bature ya juyo gare ni yana murmushi, alƙalami a hannu.

Na sha tambayar kaina me ya shiga kaina a wannan lokacin. Na san an riga an sauke buhunan siminti a bariki. Na san Bature ya riga ya rubuta wa manyansa a birni. Ya kuma taɓa ce mini in aikin ya yi kyau zai sa a tura ni ƙaro ilimi. Amma abin da ya fi duk waɗannan, kunya na ji. Kunya na ji a ce tsohon da ko sunansa ba ya iya rubutawa da boko ya gyara wa mai digiri zance, kuma tsohon nan kawuna ne. Sai na buɗe baki na ce da Turanci:

"Ya ce sun gode ƙwarai, kuma ba su taɓa ganin dabara irin wannan ba."

Bature ya dube ni. "Duk wannan doguwar maganar?"

"Haka Hausa take, ranka ya daɗe. Tana da tsawo."

Ya yi dariya, ya tafa hannu ya ce, "Madalla!" Sannan ya nuna kawu ya ce wannan dattijo mai hangen nesa ne, shi zai fara zuba albasarsa don sauran su yi koyi. Kawu ya tambaye ni mi ya ce. Na ce, "Ya ce ya ji, Kawu, zai duba." Kowa ya tashi da farin ciki. Ban taɓa ganin taron da aka watse ana murna haka ba, kuma ni kaɗai na san dalili.

Aka kawo birkiloli daga birni. Mutanen gari suka yi ta kallon ikon Allah, suna zaton ko Bature ya duba ne ya ga dai gara a yi. Kullum yana wurin da igiyar awo, yana cewa maza-maza. Birkilolin da kansu sun bar wasu 'yan ramuka a saman bango don iska, ya hango su ya ce ta nan ɓera zai shiga, aka liƙe. Aka shafe ginin da farar ƙasa. Gaskiya ya yi kyau. A duk ƙauyen, har gidan maigari, ba ɗakin da ya kai shi kyau, kuma albasa aka gina wa.

Da aka cire albasa ta sha iska, maigari ya yi shela kowane gida ya kawo kwando guda, umarnin Bature ne. Mutanenmu ba sa musu da hukuma, amma kuma ba wawaye ba ne. Kowa ya tsince wadda fartanya ta sara, da mai kaurin wuya, da wadda ta fara laushi, ya cika kwando, ya jera kyawawa biyar a sama. Aka zuba duka, ko kusurwa ɗaya ba ta cika ba. Bature ya leƙa, wuyansa ya ƙara ja. Ya ce wani babban Bature zai zo daga birni ya buɗe ɗakin nan da hannunsa, ba zai nuna masa fanko ba. "Ina dattijon nan da ya yaba aikin? Ina tasa?"

Bayan la'asar na tura kekena zuwa gida. Na iske kawu yana gyaran rudu, matarsa, wadda nake kira Inna, tana miƙa masa igiya. Na tsuguna na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce in ɗakin nan bai cika ba aikina ya ƙare, za a ce ni na hana mutane. Ban faɗa masa abin da na yi a gindin tsamiya ba.

Inna ce ta fara magana. "Wato mu kwashe abincin shekara mu zuba cikin tanda don kada a tuɓe maka safa?"

Kawu ya ɗaga mata hannu. Ya daɗe yana kallona, har na rasa inda zan sa idona.

"Ni na kai ka boko, ba kai ka kai kanka ba," in ji shi. "Ba ni bari a kore ka ina kallo. A kwasa. Amma ƙohwa a bar ta buɗe, dare da rana. In anka bar ta buɗe, wataƙila mu tsira da rabi."

Na rantse masa za a bar ta buɗe. Da wane iko na rantse, oho.

Kashegari jakuna suka yi ta jigila. Kawu ya ba da duka, in ban da ƙaramin rudu guda inda ya ware kawunan iri. Tsautsayi ya sa Bature ya biyo mu gida don ya yi godiya. Idonsa ya faɗa kan ƙaramin rudun, ya ɗaga ciyawa, ya ga albasar da bai taɓa ganin irinta ba. Ya ɗauki guda yana juyawa kamar ya tsinci zinariya. Ya ce waɗannan su za a jera a bakin ƙofa, su babban baƙo zai fara gani, su za su fito a hoto. Na juya na ce wa kawu, "Aro yake so, Kawu. Kwana biyu kawai, a ɗauki hoto in maido maka da hannuna."

Aka jera su. Bature ya ɗauki hoto ta gaba, ya ɗauka ta gefe, ya sa ni na riƙe guda ina murmushi. Sannan ya ja ƙofar ƙarfen nan, ya datse da wani ƙaton kwaɗo, ya jefa mabuɗin a aljihu. Na ce, cikin 'yar murya, ko za a bar ta a buɗe kaɗan. Ya dube ni kamar na ba shi kunya. Ya ce ashe duk bayanin da ya yi ban gane ba? Amfanin ɗakin ai a rufe yake. Da ma zafi ya dame shi, likita ya ba shi hutu, don haka washegari ya hau mota ya tafi can ƙasar duwatsu shan iska. Shi ya tafi neman iska, albasa kuma ya hana ta.

Wanda ya san bazarar Sakkwato ya san abin da nake nufi. Da hantsi in ka taɓa ƙofar nan sai ka janye hannu. Mako na farko ba a ji komai ba. A na biyu wani ɗan wari ya fara zagaye ginin. A na uku sai ga wani baƙin ruwa yana tsattsafowa ta ƙarƙashin ƙofa. Me malamin gona mai takardar shaida ya yi? Na ɗebo yashi na rufe. Kullum da safe in zo in ƙara yashi, har na tara 'yar ganuwa. Na kuma rubuta wa Bature takarda cewa komai lafiya, manoma suna ɗokin dawowarsa.

Wata safiya ina zuba yashin sai na ji mutum a bayana. Kawu ne. Ya wuce ya ɗora tafin hannunsa a jikin ƙofar, ya kara kunne kamar mai sauraren majinyaci.

"Ɗauko gatari ka hwasa kwaɗon ga. Na bakin ƙohwa ba su gama mutuwa ba."

"Kawu, kayan gwamnati ne. In na fasa, gidan yari za a kai ni."

"Kwaɗon na gwamnati na," in ji shi. "Albasar fa, ta wa ta?"

Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina. Ya jira. Da ya ga ba ni da niyyar motsi, sai ya juya ya tafi, bai sake yi mini maganar ba. Shi da kansa zai iya fasawa, na sani. Amma ya san ni za a kama.

Bature bai dawo ba sai ranar bikin da safe, kuma ya dawo da mura mai ƙarfi da ya kwaso a ƙasar sanyi, hancinsa a toshe kamar an liƙe da siminti. Na tare shi tun a mota na ce akwai 'yar matsala, akwai ɗan wari. Ya fyace hanci ya ce, "Albasa ce, dole ta yi warin albasa." Ya dafa kafaɗata ya wuce.

Maigari ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya sa an jera kujeru ta inda iska ke fitowa, ya sa mata sun turara wurin da turaren wuta tun asuba, sai abin ya zama kamar an fesa wa mushe turare. Jama'a sun cika fili, don ba wanda zai yarda a ba shi labari. Duk mai rawani ya ja amawali har ƙarƙashin ido, marasa rawani suka tsaya nesa-nesa. Ungulaye uku suna zaune a kan rufin kwano, su ma an ce sun zo biki. Aka ɗaura jan ƙyalle a bakin ƙofa. Maroƙi yana ta zuba kirari, yana yi yana tsayawa ya tofar da yawu.

Babban Baturen ya iso, wani dattijo mai furfura, fari fat tun daga hula har takalmi. Tun da ya sauko daga mota na ga hancinsa ya motsa, amma irin mutanen nan ne da ba ka gane komai a fuskarsu. Baturen Albasa ya tashi ya yi jawabi. Ya ce yau rana ce da asara ta ƙare a ƙasar nan, ya ce jikokinmu za su tuna da wannan ɗaki. Wannan karon kalma ɗaya ban rage ba, na fassara tsaf. Wani daga baya ya ce, "Wannan kam gaskiya ya hwaɗi."

Aka yanke ƙyalle. Baturen Albasa ya fito da mabuɗi ya buɗe kwaɗo, ya ja ƙofa, ta ƙi. Ya sa a share ganuwar yashina, ya sake ja, ta ƙi. Ya tuɓe hula, ya dafe bango da ƙafa ɗaya, ya ja da ƙarfinsa duka.

Ban san yadda zan kwatanta abin da ya fito ba. Da farko wani tururi ne mai ɗumi ya bugo mu, kamar an buɗe tukunya. Bayansa sai abin da kansa ya biyo, baƙi-baƙi, kore-kore, mai kauri kamar kunu, yana tafe da tsutsa da ƙudaje. Ya kwashe ƙafar Baturen Albasa ya zaunar da shi daɓas a ciki. Ya wuce ya haye farin takalmin babban baƙo har idon sawu. Maroƙi yana tsakiyar cewa "Zaki, mai raya ƙasa," sai muka ji ya koma wani yare. Kujeru suka kife. Maigari, mutumin da ban taɓa ganin ya yi ko sauri ba, ya tattare babbar riga ya yi gaba. Kuma a daidai lokacin ne, ikon Allah, hancin Baturen Albasa ya buɗe. Na ga sa'ad da abin ya same shi. Idonsa ya kawo ruwa, ya buɗe baki zai yi magana, ya fasa.

Mutane sun yi dariya har wasu na faɗuwa. Ni ma da zan iya da na yi. Amma na hango kawu, shi kaɗai bai ja da baya ba. Ya tako cikin ƙazantar nan ba takalmi, ya sunkuya a bakin ƙofa yana laluba da hannu. Ya ɗago kai guda na irin nan nasa, ya ɗan matsa, ya narke a tafinsa. Ya ɗago wani, haka. Ya yi ta ɗagowa.

Babban Baturen ya koma gindin tsamiya, aka kawo ruwa ana wanke masa ƙafa. Ya kira Baturen Albasa ya tambaye shi ko ya yi shawara da manoma kafin ya yi ginin. Baturen Albasa ya ce ƙwarai kuwa, a nan wurin ma aka yi, babban manominsu ya tashi ya yaba, ga tafinta nan shaida. Aka ce a kira manomin. Na matso don in fassara, sai babban Baturen ya ɗaga mini hannu. Ya dubi kawu ya ce, da Hausa tsantsa wadda ta fi tawa daɗin ji:

"Sannu, Malam. An ce kai ka san albasa. Da aka zo da maganar ɗakin nan, ba ka ga abin da zai faru ba?"

Ashe tsofaffin cikinsu sai sun ci jarrabawar Hausa ake ba su girma. Ban sani ba. Na ji safata ta jiƙe da gumi.

Kawu ya ce, "Ranka shi daɗe, na gani."

"Ka faɗa?"

"Na hwaɗi."

"To, me ya sa wannan ya ce ka yaba?"

A nan ne kawu ya juyo ya dube ni. Ba daɗewa ya yi ba, amma a cikin kallon nan na san ya gane komai, tun daga gindin tsamiya har zuwa aron kwana biyu. Ya mai da kansa ga Bature.

"Ranka shi daɗe, tsuhwa ta kama ni, haƙora sun zube. In na yi magana ba kowa ka ganewa ba. Laihin bakina na."

Kawu kuwa haƙoransa talatin da biyu cif, da su yake fasa goro. Babban Baturen ya dubi bakinsa, ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Sannan ya ce, "To, Allah ya sawwaƙe," ya sa takalminsa a jiƙe ya shiga mota.

Kwana huɗu mutanen gari suna kwashe ƙazantar da kwanduna, su da ba su nemi ɗaki ba. Ni kuma na zauna a bariki ina buga wa Baturen Albasa rahoto da keken rubutu. Rahoton ya ce ginin ya yi aikinsa yadda ake so, don ba a sami ɓera ko guda a ciki ba. Matsalar, in ji shi, albasar ƙasar nan ruwa ya yi mata yawa, don haka yana ba da shawara a kawo wa manoma ingantaccen iri daga waje. Da yatsuna na buga wannan. Ba a daɗe ba aka ɗauke shi, aka tura shi wata ƙasa can bakin teku ya koya musu ajiyar kifi. Na sha tunanin mutanen nan, Allah ya jiƙan hancinsu.

Ranar da zai tafi na yi niyyar faɗa masa gaskiya. Na shiga na tsaya, na fara da cewa akwai abin da ya kamata ya sani game da taron nan na farko. Ya katse ni, ya ce kada in damu, mutanen karkara ko'ina haka suke, sukan yaba abu a baki amma ba su shirya karɓar ci gaba ba. Ya miƙo mini takardar yabo da ya rubuta, wai a duk yawonsa bai taɓa samun tafinta mai aminci kamata ba. Da takardar nan aka ƙara mini girma.

Shekarar nan gidanmu ta yi tsanani. Albasa ce ke cike giɓin hatsi idan damina ta yi nisa, ga shi babu. Inna ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwata, in ta ajiye mini tuwo sai ta ajiye shi kamar za ta fasa akushin. Kawu bai taɓa tayar da maganar ba, kuma wannan ya fi duka ciwo. Da lokacin yafa iri ya matso, sai ya ce in zo in kai shi Mandera a keke. Akwai wani mutum can da kawu ya taɓa ba wa irin nan shekarun baya, ko Allah ya sa bai bar shi ya gauraye ba.

Na goya shi muka tafi. Na tsaya ina kallo mutumin da ake zuwa ƙofarsa daga garuruwa ya tsuguna a zauren wani, wanda a haife kawu ya haife shi, yana roƙon iri. Mutumin ya yi kirki, ya ɗebo masa a ƙullin tsumma, amma ya ce gaskiya ya haɗa shi da wani. Haka ne kuwa. An shuka, ta yi, amma ba ta sake zama irin ta da ba. Albasar kakana a ɗakin nan ta ƙare.

A hanyar dawowa, inda yashi ya yi yawa muka sauka muna tura keken, na ce, "Kawu, ni ne. Ban faɗa masa abin da ka ce ba."

"Na sani."

"Ka yafe mini."

Muka yi 'yar tafiya. Can ya ce, "Baturen ga ban riƙe shi da komi ba, baƙo na, bai san ƙasa ba. Kai ka san ta. Mun aike ka ka koyo bakinsu don ka kai musu maganarmu, ba don ka kawo muna tasu kaɗai ba." Ya gyara ƙullin irin a aljihunsa. "Na yahe. Hau mu tahi, rana na yi."

Na yi shekaru masu yawa a aikin nan bayan haka, har bayan Turawa sun tafi wasu sun dawo da sabon suna. Ni ma an taɓa tura ni wata ƙasa a matsayin gwani, aka ba ni mota da gida da wa'adi, na ji yadda abin ke hawa kai. Abin da ɗakin albasa ya koya mini shi ne, baƙon da bai san wuri ba ɓarnarsa tana da iyaka, sai ya sami ɗan gida mai jin kunyar mutanensa sannan take cika. Tun daga ranar na ɗaukar wa kaina cewa duk maganar da talaka ya ba ni in kai gaba, zan kai ta yadda take, da ɗacinta, ko da wanda zai ji ta shi ke riƙe da abincina. Na rasa ƙarin girma sau biyu saboda haka, kuma ban taɓa yin da-na-sani ba.